Jagorar Mayar da Maiƙon Lambatu Wutar Lantarki a Matatar Ruwan Ƙazanta

Wanda ya taɓa leƙa lambatun da ke bayan mahauta a Sakkwato da sanyin safiyar hunturu ya san farin maiƙon nan da ke daskarewa a saman ruwa, ya kama gefen siminti kamar an shafa kakide. Irinsa ne ke fita daga wurin wanke tukwanen otal-otal, da ɗakunan girkin makarantun kwana, da rumfunan masu tuyar ƙosai da masa. Yana toshe bututu, yana tara ƙuda, kuma idan damina ta kankama ruwa ya ɗebe shi zuwa gulbin Sakkwato da na Rima. A gabashin Landan, a shekarar 2017, an tono wani curin maiƙo da ya haɗu da tsummoki a magudanar ƙarƙashin ƙasa, nauyinsa kusan tan 130, tsawonsa kimanin mita 250, aka yi makonni ana fasa shi.

Sai dai a cikin duk ƙazantar da gari ke fitarwa babu abin da ya kai maiƙo albarkar makamashi. A lissafin masana, kilo ɗaya na tsantsar kitse idan ya ruɓe sarai a inda iska ba ta shiga yana ba da kusan lita 1,000 ta metan, iskar gas mai kamawa da wuta wadda ake tayar da janareta da ita, alhali kilo ɗaya na sitaci ko sukari bai wuce lita 415 ba, na furotin kuma yana kusa da lita 500. Matatar ruwan ƙazanta ta birnin Okland a jihar Kalifoniya ta Amurka ta kai ga samar da wutar da ta fi wadda take sha a shekarar 2012, saboda tana karɓar maiƙo da ragowar abinci a tankoki tana ruɓar da su tare da lakarta, wato ƙazantar da ke kwanciya a ƙasa wajen tace ruwa. Ta garin Giresham a jihar Oregon ta kai ga ɗaukar nauyin wutarta a 2015, da taimakon maiƙon gidajen abinci da kuma faifan sola.

A Sakkwato galibin gidaje sun dogara ne da masai da sokawe, waɗanda motocin kwasa ke zuƙewa idan sun cika, ba kamar sassan Abuja da bututu ke kai ruwan ƙazantarsu matatar Wupa ba. Don haka wannan jagora ta fi fuskantar masu tara ruwan ƙazanta wuri guda, kamar jami'a, babban asibiti, bariki, mahauta, rukunin gidaje, ko hukumar da ke shirin gina wurin juye kayan motocin kwasa.

Abin da ke faruwa a cikin tanki

Zuciyar aikin ita ce tankin ruɓarwa, wato rufaffen tanki mai ɗumi wanda iska ba ta shiga. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a ɗauke shi kamar tumbin saniya, domin irin ƙwayoyin halittar da ke aiki a cikinsu dangin juna ne. Rukuni na farko suna farfasa kitse da furotin da sitaci, na biyu suna mayar da su ruwa mai tsami, na uku suna rage tsamin zuwa irin asid ɗin da ke cikin binega, na ƙarshe kuma su ne ke cinye wannan asid su fitar da metan. Iskar da ke tashi, wadda ake kira bayogas, yawanci kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari metan ce, saura kuma galibi kabon dayoksaid ne da tururin ruwa da wata iska kaɗan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Matsalar ita ce masu yin tsami suna hayayyafa da sauri, masu cinye shi kuwa a hankali suke. Makiyayi ya san abin da ke samun saniyar da ta faɗa kan buhun gero ta ci ta ƙoshi: ciki ya yi tsami, ya kumbura, ta daina tuƙa. Haka tankin yake idan aka antaya masa maiƙo lokaci guda. Ƙari a kan haka, kitse idan ya fara farfashewa yana sakin wasu asid masu nauyi da ke lulluɓe ƙwayoyin halittar, su hana su ci, su kuma taso da su saman ruwa. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan kauce wa wannan.

Mataki na farko: a san yawan maiƙon da ake da shi

A nan ne aka fi yaudarar kai. Mutum zai ƙirga gidajen abinci da masu tuya a gari ya ninka da lita kaza, ya fito da adadi mai daɗin ji. Gaskiyar ita ce a ƙasarmu ba a cika zubar da man tuya ba: ana toyawa da shi har ya ƙare, wanda ya yi baƙi kuma akwai masu saye don sabulu, kitsen mahauta shi ma yana da kasuwarsa. Abin da za a samu kyauta ko da araha shi ne wanda ya riga ya gauraya da ruwan wanke-wanke, wanda babu mai so.

Saboda haka a ware aƙalla wata biyu ana aunawa. A zaɓi manyan wurare goma ko goma sha biyar, a sa musu tarkon maiƙo na gwaji ko da na durom ne, a riƙa yaɗe abin da ya taru duk mako ana ɗorawa a sikeli. A lura da yadda adadin ke hawa da sauka, domin watan azumi da makon Babbar Salla da lokacin bukukuwa ba ɗaya suke da lokacin hutun makarantu ba. Sannan a kai samfuri ɗakin gwaji. Ana busar da shi a zafin digiri 105 don a san yawan ruwan da ke ciki, a ƙona busasshen a digiri 550, abin da wuta ta cinye shi ne ainihin abincin ƙwayoyin halitta, toka kuwa yashi ce da ƙasa. Sau da yawa za a tarar kashi 90 ko fiye na abin da mota ta zuƙo daga tarko ruwa ne kawai. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan bayogas, kuma nan ne wurin da ya kamata a fara neman shawara kan irin waɗannan gwaje-gwaje.

Akwai wata hanya ta daban, wato mayar da man tuya dizal ta hanyar haɗa shi da metanol da soda. Tana yin kyau ga man da aka tara da tsabta, amma maiƙon tarko ya riga ya lalace, idan ya haɗu da soda sabulu yake zama, sai an bi da shi ta wani matakin asid tukuna. Ga wanda yake da laka da tanki, ruɓarwa ta fi sauƙi, kuma ita wannan jagora ta bi.

Mataki na biyu: tarko da tattarawa

Tarkon maiƙo akwati ne na siminti ko ƙarfe da ake sawa a kan hanyar ruwan ɗakin girki kafin ya shiga lambatu. A cikinsa akwai katanga ɗaya ko biyu da ke rage gudun ruwa, sai maiƙo ya taso sama, guntayen abinci su kwanta ƙasa, ruwan tsakiya ya fita ta bututun da bakinsa ke nitse. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a kwashe shi kafin maiƙon sama da lakar ƙasa su cinye rubu'in zurfinsa, domin bayan haka ruwa wucewa yake yi da maiƙonsa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40, kitse ba ya saurin daskarewa, don haka tarkon yana bukatar ya fi girma, ya kasance a inuwa ko a binne, kuma kada a juye masa tafasasshen ruwa kai tsaye. Ruwan ban ɗaki ba ya bi ta cikinsa.

Wajen tattarawa, a yi yarjejeniya a rubuce da kowane wuri da kowane direba. Kowace mota ta zo da takardar da ke nuna inda ta ɗebo, da rana, da yawan lita. Dalilin wannan takarda ɗaya ne mai girma: baƙin man inji. Wanda ke kwasar tarkon otal da safe yana iya kwasar ramin garejin makanikai ko wurin wankin mota da rana, kuma a ido duka maiƙo ne. Baƙin mai, da fetur, da fenti, da maganin ƙwari, da ruwan jima, da bilic mai yawa, duka guba ne ga tanki, kuma mota ɗaya ta isa ta kashe aikin wata shida. A ƙasashen da abin ya kafu, mai kawo maiƙon ne ke biyan matata kuɗin juyewa. A nan ina ganin da farko gara a karɓa kyauta, domin direban da aka caje shi zai tuna cewa akwai kwazazzabo a bayan gari wanda ba ya karɓar ko sisi.

Mataki na uku: wurin karɓa

Ba a haɗa tiyon mota da tankin ruɓarwa kai tsaye. Kafin a buɗe famfo, ma'aikaci ya ɗebi samfuri a kwalba mai haske, ya duba launi, ya shinshina daga nesa ko akwai warin fetur, ya auna tsaminsa. Maiƙon tarko a bisa al'ada yana da tsami, ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, yakan nuna tsakanin 4 da 6. Wanda ya fita daga wannan da nisa abin tuhuma ne, a tsare motar har a bincika.

Daga nan kayan su bi ta rami mai kama duwatsu da ƙasusuwa da cokula, sannan ta raga mai ƙananan ramuka wadda za ta tare leda, da ledar ruwan sha, da soson ƙarfe, da tsinken tsire. A garinmu yashi babban abokin gaba ne, domin iska na kawo shi kuma ana wanke tukunya da shi. Idan ya shiga tankin ruɓarwa kwanciya yake yi, shekara kaɗan ya cinye wurin da ya kamata laka ta zauna. A ba shi wurin kwanciya tun a nan, inda shebur zai iya kai masa.

Abin da ya tsallake raga ya shiga tankin ajiya mai murfi, wanda zai ɗauki kayan kwana biyu zuwa uku, mai injin motsawa, mai ɗumi. Kakiden shanu ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 40 zuwa 50, manja kuma yana yin kauri da zarar gari ya yi sanyi, saboda haka a riƙe tankin ajiya kusa da digiri 45 zuwa 50. Ruwan zafin da ke sanyaya janareta ya isa wannan aiki, kuma kafin janareta ya fara aiki ana iya amfani da tukunyar ɗumama ruwa ta hasken rana. Bututun da ke ɗaukar maiƙo ya zama gajere, mai faɗi, maras kwana da yawa, an naɗe shi da abin riƙe zafi, an kuma bar wuraren buɗewa don wanke shi da ruwan zafi. Idan za a haɗa da kayan mahauta, a dafa su a digiri 70 na tsawon awa ɗaya, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta tanada ga irin waɗannan kaya, kuma a taƙaita jini, domin yawansa yana haifar da amoniya mai hana ƙwayoyin halitta aiki.

Mataki na huɗu: shirya tanki da tayar da shi

Tankin da zai ci maiƙo dole ya kasance mai motsawa, ko da farfela ko da famfon da ke zuƙo laka daga ƙasa ya watsa ta a sama. Ƙaramin tankin nan na gida mai rufin ƙubba, wanda ake binnewa a zuba masa kashin shanu, ba shi da wannan, kuma idan aka matsa masa da maiƙo ɓawo mai kauri zai rufe samansa. A bar sarari tsakanin saman laka da rufi saboda kumfa, a kuma sa tagar gilashi da ake leƙawa.

Zafin da ake so shi ne digiri 35 zuwa 37. A nan Allah Ya hore mana abin da Turawa ke kashe kuɗi a kansa, domin mafi yawan watanni yanayin gari kusa yake da abin da tanki ke so. Abin tsoro shi ne daren hunturu a Disamba da Janairu, da kuma ranar bazara a kan tankin ƙarfe da ba a rufe ba. Ƙwayoyin da ke yin metan sun fi jure zafi maras kyau da ya tsaya wuri ɗaya a kan zafi mai hawa da sauka. Kada canjin ya wuce digiri ɗaya a yini. Binne rabin tanki a ƙasa da naɗe sauran yana magance mafi yawan wannan.

Sabon tanki yana bukatar iri, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Mafi kyau shi ne laka daga wani tankin da ke aiki; idan babu, ɗanyen kashin shanu da abin cikin tumbi daga mahauta sun wadatar, kuma kasuwar Kara ba ta rasa su. A cika da ruwa mai ɗumi, a bar shi, sannan a fara ba shi lakar matata kaɗan-kaɗan. Iskar farko da za ta fito a gauraye take da iskar da ta maƙale a tanki, kuma tana iya fashewa, don haka a sake ta a fili nesa da wuta. Kada maiƙo ya shiga sai tankin ya yi aƙalla wata ɗaya zuwa biyu yana ba da iska daidai a kan laka zalla.

Mataki na biyar: ciyarwa

Wannan shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk share fage ne. Bari mu ɗauki misali don lissafi ya fito. A ce tanki yana ɗaukar kubik mita 500 na laka (kubik mita ɗaya lita 1,000 ce), ana so kaya su yi kwana 25 a ciki. Kenan za a zuba kubik mita 20 a yini, a fitar da kwatankwacinsa. A ce kuma ana ba kowace kubik mita kilo 2 na ainihin abinci a yini, wanda yake cikin iyakar da aka saba. Jimla kilo 1,000 kenan. A makonnin farko maiƙo kada ya wuce kashi 5 na wannan, wato kilo 50. Idan gwaji ya nuna kashi 5 ne kawai na ruwan tarko abinci ne, to kilo 50 ɗin yana cikin lita 1,000.

Wannan lita 1,000 ba a zuba ta sau ɗaya. A raba ta da ƙaramin famfo mai agogo, ya riƙa turawa kaɗan duk awa ɗaya ko biyu, dare da rana, kuma ya fi kyau ta haɗu da laka mai ɗumi a cikin bututu kafin ta faɗa tanki. A tsaya a kan wannan adadi mako biyu zuwa uku. Idan komai lafiya, a ƙara kashi 5, a sake jira. Ƙwayoyin da ke iya cin kitse suna ƙaruwa idan aka ba su lokaci, kuma tankin da ya saba yana cin abin da zai kashe sabo. A ganina matatar da ba ta da ɗakin gwaji mai ƙarfi ta tsaya a kashi 20 zuwa 25, ko da ta ji labarin wasu sun wuce haka, domin ribar da ke sama da nan ba ta kai asarar tanki guda ba.

Kowace safiya, a lokaci ɗaya, ma'aikaci ya rubuta abubuwa biyar a littafi: zafin tanki, pH, yawan iskar da ta fito, kason metan a cikinta, da kaurin kumfa. pH mai kyau yana tsakanin 6.8 da 7.4. Amma kada a dogara da shi kaɗai, domin shi ne na ƙarshe da ke nuna ciwo. Kafin ya faɗi, tsami ya daɗe yana cinye garkuwar lakar. Abin da ke ba da labari da wuri shi ne gwajin da ake ɗiga asid a samfurin laka don a kwatanta yawan tsamin da ya taru da ƙarfin lakar na shanye shi. Idan rabon yana ƙasa da 0.3 tanki na cikin ƙoshin lafiya, idan ya haura 0.4 a dakatar da ƙari, idan ya ci gaba da hawa a janye maiƙo. A yi wannan gwaji sau biyu ko uku a mako, kullum kuma a lokacin da ake ƙara kaso.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan kason metan ya fara sauka alhali abinci bai canja ba, ko lakar da ke fita ta koma warin tsami tana ɗauke da fararen curi, sai a koma littafi da takardun motoci a nemi abin da ya canja a kwana uku da suka wuce: sabon direba, famfon da ya lalace ya tura kayan yini a awa ɗaya, injin motsawa da ya tsaya saboda ɗaukewar wuta, ko dare mai sanyi. Magani na farko shi ne tsayar da maiƙo gaba ɗaya, a rage laka, a ci gaba da motsawa da ɗumi. Idan pH ya sauka ƙasa da 6.5 a ƙara bikabonet na soda a hankali. A ƙaramin tanki kanwa tana yin wannan aiki, kamar yadda take yi a cikin dabba, sai dai a jiƙa ta a tace yashinta, kuma kada a cika, domin gishirin da ke cikinta idan ya yi yawa shi ma yana cutarwa. Farfaɗowa tana ɗaukar makonni, kuma bayanta a koma kashi 5 a sake hawa.

Kumfa kuwa ta fi tsami saurin ɓarna, domin tana iya hawa cikin dare ta toshe bututun iska da bawul ɗin kariya, matsi ya tsaga rufi. A duba bawul ɗin duk mako, a wanke shi.

Mataki na shida: tsabtace iska da ajiye ta

Iskar tana fitowa jiƙe da tururi, wanda ke zama ruwa a cikin bututu. A shimfiɗa bututun da ɗan gangare, a sa tarkon ruwa a kowane wuri mafi ƙasa, a riƙa zubarwa kullum. Sai iskar nan mai warin ƙwai, haidirojin salfaid, wadda idan ta haɗu da danshi take zama asid ta cinye inji da bututun ƙarfe. Hanya mai araha ita ce a bi da iskar ta durom cike da tsatsattsen ɓarzar ƙarfe, irin wadda ake samu wurin masu aikin injin gyaran ƙarfe, a gauraye da ɗan jiƙaƙƙen garin katako. Idan ɓarzar ta yi baƙi ta gaji. A ajiye durom biyu don a riƙa musanyawa, kuma wajen fitar da tsohuwar a jiƙa ta sosai a baza ta a fili, domin idan ta sha iska tana ɗaukar zafi har ta iya kamawa da wuta. Inda lakar ta fito daga gidajen da ake amfani da man gashi da sabulun ruwa da yawa, akwai wani sinadari mai suna silokzen da ke bin iska ya zama farin yashi a kan fistin. Gawayi na musamman da ake tace iska da shi ne ke kama shi.

Ana ajiye iskar a babbar jakar roba mai jure rana ko a tanki mai murfi da ke tashi sama, wanda zai ɗauki abin da ake samarwa a awa shida zuwa goma sha biyu. Ranar Sakkwato tana cin roba, saboda haka a yi wa jakar rumfa. Dole a sami bututun ƙona rara, nesa da gini, domin sakin metan haka nan ya fi ƙona shi illa: a tsawon shekara ɗari yana riƙe zafin duniya kusan ninki 28 na kabon dayoksaid.

Mataki na bakwai: janareta

Kubik mita ɗaya na metan yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit 10 na lantarki, kusan daidai da litar dizal ɗaya. Janareta mai kyau yana mayar da wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan wuta, saura ya fita a matsayin zafi. A misalinmu, idan an kai kilo 200 na maiƙo a yini, aka ɗauka kowane kilo ya ba da lita 800 maimakon 1,000 ta littafi, za a sami kubik mita 160 na metan, wato sama da yunit 500 na wuta a yini, ko madadin litar dizal kusan 160, ban da abin da lakar kanta ke bayarwa.

Matatar da take da janaretan dizal tana iya fara sa masa na'urar da ke shigar da bayogas ta hanyar iskarsa, ya riƙa shan dizal kaɗan don tayar da wuta, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 na abin da ya saba sha. Amfanin wannan shi ne ranar da tanki ya yi ciwo injin zai koma dizal zalla. Injin da aka ƙera don bayogas kaɗai ya fi riba idan iska ta wadata ta kuma daidaita. Ko wanne aka zaɓa, a sayi wanda zai yi aiki awa da yawa kusa da cikakken ƙarfinsa, a auna girmansa da iskar da littafi ya nuna, a kuma riƙa canja man inji da wuri fiye da yadda aka saba. Wutar farko ta tafi ga famfuna da injin motsawa na matatar kanta. Wanda zai samar da fiye da megawat ɗaya don amfanin kansa yana bukatar izinin hukumar kula da lantarki ta ƙasa, haɗawa da layin gari kuma sai da yarjejeniyar kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa.

Tsaron rai

Metan yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 na iskar wuri. A hana sigari da walda da girki kusa da tanki, a sa abin tare harshen wuta a bututu kafin janareta da kafin wurin ƙona rara, a riƙa neman yoyo da ruwan sabulu. Haidirojin salfaid ya fi iska nauyi, yana taruwa a rami, kuma idan ya yi yawa yana kashe jin wari, mutum ya zaci ya tafi alhali a lokacin ne ya fi kisa. Kada kowa ya shiga tanki ko rami sai an hura masa iska, an auna da na'ura, an ɗaura masa igiya, wani na tsaye a sama. Idan ma'aikaci ya faɗi a ciki, kada ɗan'uwansa ya bi shi ba tare da abin numfashi ba, domin ta haka ne gawa ɗaya ke zama uku.

Lakar da ta rage

Abin da ke fita daga tanki baƙar laka ce mai ƙarancin wari, mai ɗauke da sinadaran taki. A zuba ta a gadajen yashi ta tsane, rana ta busar da ita, ruwan da ya tsiyaye ya koma matata. Ruɓarwa a digiri 35 tana rage ƙwayoyin cuta amma ba ta gamawa da ƙwan tsutsar ciki, don haka lakar da ta haɗa da bayan gida a tara ta da ciyawa ta yi zafin taki, a ajiye ta watanni, a gwada ta kafin a ba manoma. Ta dace da gonar dawa da gero da masara da shuka itatuwa. A nisanta ta daga latas da kabeji da tumatir da sauran abin da ake ci ɗanye a fadama.

Tun kafin a sa harsashi a sanar da hukumar kare muhalli ta jiha, a bi ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kan zubar da ruwan da aka tace, a kuma zauna da mai unguwa da malaman yankin. Tambayar najasa za ta taso, musamman idan aka ce za a yi girki da iskar ko a sayar da takin, kuma amsarta ta malamai ce. A kai su wurin su ga tankin da harshen wutar da idonsu, a bayyana musu abin da ke shiga da abin da ke fita, sannan a rubuta abin da aka amince a kai a haɗa shi da takardun izini.